Yadda Ake Sa Babbar Ƙasa Ta Share Maka Gona da Firji

Ni ne Thongdy, tsohon da jiragen babbar ƙasa suka yi shekaru suna nema a tsaunukan Laos ba su samu ba. Ban taɓa shiga aji ba, amma na kwana a kogo, na ci saiwa, ga ni da yatsuna goma. Idan gonarka cike take da ƙananan bama-baman da ba su tashi ba, kuma autanka ya ce zai tsallaka kogi neman aiki tunda babu inda zai sa garma, bi matakan nan. A kaina na gwada, kuma aiki suke yi.

Mataki na 1: Kada ka nemi a ba ka haƙuri

Babbar ƙasa ba ta cewa ta yi laifi. Ba ta da bakin faɗar haka, kamar yadda bauna ba ta da bakin busa sarewa. Abin da take da shi kyauta ce. In ka ce a zo a kwashe abin da aka zubar, za a ce kana cikin layi. Ni tun gashina yana baƙi nake cikin layin nan. Kai dai ka yi murmushi, ka bar hakiminku ya kai labarin cewa akwai wani tsoho mai kyan hoto.

Mataki na 2: Zaɓi kyauta mai nauyi

Za su tambaye ka me kake so. Kada ka ce fanka, iska kyauta ce a kan dutse. Kada ka ce tukunyar lantarki, ba ta iya turara shinkafa mai danƙo ba, sai ta mai da ita kunu. Ka ce firji. Ko babu wuta, ɓera ba ya iya buɗe shi, ba a taɓa ƙera rumbu kamarsa ba.

Matata Bouakham ta ce, “Tsoho, wutar da ke zuwa ran da ta ga dama, me za ka sanyaya?”

Na ce, “Zuciyar jakadansu.”

Ta ce, “Taka zuciyar ka fara sawa, ta fi kusa da lalacewa.”

Mataki na 3: Ajiye shi inda ya dace

Firji yakan riga jakada isowa, domin jakada sai an shirya masa ranar hoto. Kafin ranar, ni da autana Sengphet muka rataya shi a gora, muka bi turbar da baunar da nake noma da ita ta yi shekaru tana takawa, muka dire shi a can ƙarshen gona, muka yi masa rumfa.

Sengphet ya ce, “Baba, ni jibi zan tafi. Wannan aikin mahaukata ne.”

Na ce, “Ɗaga ɓangarenka. Ka sa ƙafa inda na sa, ka ba ni wata guda kafin ka tafi.”

Mataki na 4: Ka zama tsoho mai taurin kai

Tafintarsu za ta zo, yarinya mai ladabi, ta ce, “Kaka, a dawo da shi gida mana, a nan za a ɗauki hoton.” Ka ce sam, ruhun gona ya riga ya karɓi firjin, in an motsa shi sai ciwo ya shiga gari. Babu babbar ƙasar da ke son a ce ta raina al'ada a gaban kyamara. Kuma babu mai tsaron lafiyar da zai bar jakada ya taka turbar bauna.

Washegari sai ga mutanen da na tsufa ina jira, da na'urorinsu masu kuka in sun ji bam a ƙasa. Ashe layin yana da ƙofar baya.

Mataki na 5: Yi addu'ar samun jakada mai ƙiba

A nan na yi rashin sa'a. Ba gonar suka share ba, hanyar da mutum zai bi suka share, daidai faɗinsa da na mai riƙe masa laima. Namu jakadan siriri ne kamar sandar kamun kifi. Da muka zaunar da shi muna ɗaura masa farin zare a wuyan hannu kamar yadda muke yi wa baƙo, kowa na yi masa fatan tsawon rai, ni na riƙe hannun na ce, “Ubangiji ya ƙara maka jiki, ka dawo.” Tafinta ta ce masa ina godiya. Har ya share hawaye.

Mataki na 6: Bari kishi ya yi sauran

Kowace babbar ƙasa tana da wadda ba ta son ta riga ta. Hoton yana fita, ɗaya babbar ta aiko da injin wanki. Ba ya wanki kamar Bouakham, amma kaji suna son yin ƙwai a ciki. Muka kai shi ɗaya kusurwar. Nasu jakadan da tawaga ya zo, har da masu kiɗa, hanyarsa ta ninka ta farko.

Yanzu ina da tsaga biyu masu tsabta a gona. Sengphet ya shuka su, ya kwance jakarsa, ya ce zai ga damina ɗaya. Tsakiyar tana nan da jajayen turakun alamar bam, babu mai shiga. Na aika a shaida wa hakimi ina sha'awar talabijin.

Gargaɗi

Duk wanda ya bi shawarar nan, shi ya ɗauki firjinsa, ba ni ba. In baunarka ba ta san hanya kamar tawa ba, tsakaninka da ita ne. In kuma hakimi ya zo bincike, ni tsoho ne, ban iya karatu ba, ban san wa ya rubuta wannan ba. Surukata ce ta riƙe alƙalami, ita ma ta ce ba ta nan.