Harawar Azahar

Ba zan taɓa mantawa da wata Asabar ta lokacin kaka ba, ko da kuwa mutanen garinmu za su yi mini alfarma su manta (na bincika, ba su da niyya). Shekarata ta biyu ke nan da fara koyarwa a lakwal, wato makarantar boko, a Badaguishiri, ina ji da kaina, kowa sai Mushe kaza Mushe kaza (haka ake kiran malamin boko a wajenmu, daga Faransanci). Garinmu yana can wajen Tajaye, kuma duk Juma'a da yamma nakan hau ɗan motona mai ƙafa biyu in je in kwana biyu wurin Inna.

Inna mahaifiyata tana da saniya guda, ja ce ƴar Azawak, sunanta Kyauta. Tun da Baba ya rasu saniyar nan ke riƙe da ita. Ta tatsa, ta kaɗa, ta kai nono da man shanu kasuwa, abin da ya rage ta dama fura da shi. A shekarar Kyauta na da ciki, haihuwar kuma za ta faɗo cikin bazara, lokacin da daji ke zama kamar an share shi da tsintsiya. Duk mai saniyar tatsa ya san maganar: abin da ka ajiye mata da kaka, shi za ka tatsa da bazara. Mu kuwa abin da muke ajiyewa harawa ce. In an gama roron wake sai a tuge yaɗon tun yana kore, a shanya shi kwana uku ko huɗu a gona, a nannaɗe dami-dami, a kawo gida a ɗora kan rumfa.

Yayana ke yin wannan aikin kowace shekara. A bana ɗin ya tuge harawar ranar Talata, ya shanya, Laraba motar ƴan cirani ta ɗauke shi. Saura nannaɗewa da kwasowa, aka ce Auta ya yi. Autan ni ne.

To, ga inda matsalar ta samo asali. Wata guda kafin nan an tura mu Konni wani horo na kwana biyu kan lambun lakwal da kiwo. Ran farko mai koyarwar ya ce babban abokin gabar abincin dabba shi ne danshi, in ka ajiye ciyawa da laima za ta yi fumfuna ta ruɓe. Na rubuta, na ja layi biyu da jan biro. Rana ta biyu kuwa da safe na zille kasuwa neman takalmi, don haka abin da ya faɗa game da kwasa da ɗauka, Allah kaɗai ya sani. (Takalmin ma bai yi wata uku ba.)

Ranar Juma'a muna cin tuwo Inna ta ce, "Auta, gobe kana sallame asuba ka kama hanya. Ka nannaɗe harawar tun raɓa ba ta ɗauke ba."

Na ajiye loma. "Raɓa kuma, Inna? Ai raɓa danshi ce. Ita ke ruɓar da harawa."

"Ni dai haka nig ga ubanka na yi, haka wanka ka yi."

Nan fa na gyara zama na buɗe aji. Na yi mata bayanin fumfuna, na kawo misalai, har da ƴan kalmomin Faransanci don maganar ta yi nauyi. Na ce sai rana ta take, harawa ta bushe ƙayau, sannan za a taɓa ta. Ta saurare ni har na ƙare, ta kwashe kwanuka, ta ce, "To, Mushe."

Inna ba ta kirana Mushe. Da ina da wayo, a nan ya kamata in tsaya.

Da asuba Maidaji mai amalanke ya iso da jakinsa kamar yadda suka shirya da Yaya. Na leƙo na ce ya koma sai bayan azahar. Ya dube ni, ya dubi sama, ya ce, "Azahar? Harawa hwa kac ce?" Na ce eh. Ya ɗaga kafaɗa: "Harawa taku ta, ni jaki gare ni."

Ƙarfe biyu da rabi muna gona. Gaskiya Yaya ya yi aiki. Harawar tana kwance layi-layi, kore shar, ƙamshinta kaɗai ya isa ya sa ka ji yunwa. Na taɓa ta na ji ƙas, na ce wa Maidaji, "Ka ji ko? Wannan ita ce bushewa ta ilimi." Har hoto na ɗauka na tura wa abokan aiki a waya. Na fara naɗi. Duk inda na kama sai ganyen ya murmushe a hannuna, ya zuba ƙasa kamar garin kuka. Na ce ba komai, ɗan kaɗan ne. Maidaji ya buɗe baki zai yi magana, na riga shi da wani sabon bayani, sai ya rufe ya koma gindin kalgo.

Ban tsaya nan ba. Yaya sawu uku yake yi, ni na ga ɓata lokaci ne. Na sa aka jibga duka a sawu ɗaya, na hau sama na tattake da ƙafa don ta kwanta, muka ja igiya muka ɗaure tamau. Sannan na zauna a kan lodin ina fuskantar gaba, na ce mu je.

Hanyar gonarmu duwatsu ce da ramuka. Amalanke na tsalle, ina jin ƙas-ƙas a ƙarƙashina, ina jin daɗi. Muka wuce wasu mata masu dawowa daga itace, suka tsaya suna kallonmu suna rufe baki da gefen mayafi. Na ɗaga musu hannu. Wani mai keke ya ce, "Sannu da ƙoƙari, Mushe!" yana dariya har keken na karkacewa. Na amsa da fara'a. A raina na ce mutane sun fara ganin bambancin mai ilimi. Abin da na lura da shi kawai, a hankali ina ta yin ƙasa, igiyar kuma ta yi sako-sako, sai na ce lodin ne ke zama.

Gidanmu yana daf da itacen bedin da dattawa ke zama a gindinsa bayan la'asar, kuma ranar kamar an yi shela, kowa na nan. Cikinsu har da Baffa Altine, dattijon Bafulatanin da ke tafiya da Kyauta cikin garkensa da damina. Na diro, na kaɗe wando, na yi sallama da ƙarfi. Aka amsa ƙasa-ƙasa. Baffa ya taso da sandarsa, ya zagaya amalanken sau ɗaya, ya ce, "Mushe, itacen girki kak kawo ma Inna taka?"

Sai a lokacin na waiwaya.

Awaki da tumaki sun fi talatin a bayanmu, sun jeru har inda ido ya ƙare, kowace kanta a ƙasa. Wani koren layi ya biyo mu tun daga bakin gari, suna lashe shi. Na dubi amalanken. Igiyoyin wake ne tsirara, fari fat, an cukurkuɗe su kamar tsohon kwando. In ka ƙirga ganyen da ya rage, ba za ka gaji ba.

Ka san mutum in kunya ta kama shi, baki ke fara gudu. Na ce, "Amma Baffa, ai danshi..."

Bai yi dariya ba, abin da ya fi ƙona ni ke nan. Ya zaro igiya ɗaya ya karya, ya ce, "Gaskiyarka, ba a aje ta da ruwa. Shi ya sa anka shanya ta kwana huɗu. Amma raɓa ba ta shiga ciki, bisa takan tsaya, ta sa ganye ya yi taushi ka naɗe shi bai karye ba. In ta hau rumhwa, kahin hantsi iska ta ɗauke ta. Ganyen shi na nono, ɗana. Wanga da kak kawo, ko saniya ta ci, cika ciki na kawai."

Daga cikin dattawan wani ya ce, "Awakin gari dai sun gode," aka fashe da dariya.

Duk wannan da sauƙi. Inna ta fito, ta tsaya ta dubi lodin. Ta zari ɗan guntu ta shiga da shi wurin Kyauta, ina biye da ita kamar wanda aka kama da sata. Saniyar ta shinshina, ta hura hanci, ta kau da kai. Inna ta ajiye guntun. Ta shiga ɗaki ta fito da tsintsiya da babban kwano, ta wuce ni, ta wuce dattawan, ta je kan hanya ta kori awaki biyu, ta duƙa ta fara share ganyen.

Dariya ta tsaya cak. Ni kuwa na ji da ma ƙasa ta tsage. Tsohuwa mai ciwon baya, a duƙe a tsakiyar hanya tana tsintar abincin saniyarta cikin ƙasa, saboda ɗanta ya je Konni kwana biyu. Na je na karɓi tsintsiyar, ta sakar mini ba musu. Haka na yi ta shara ina kokawa da awaki har aka kira magariba. Washegari (da asuba, ba sai an faɗa mini ba) na koma gona na share inda muka yi naɗi. Muka tankaɗe da rariya muka fid da yashi. Abin da ya kamata ya cika rumfa ya ƙare a buhu ɗaya da ɗan kai.

Baffa Altine ya aiko da dami biyu daga tasa, maƙwabta ma suka ɗan taimaka, muka haɗa da karan dawa da dusa. Duk da haka kafin watan Maris rumfa ta yi fayau. Na shiga kasuwar Badaguishiri neman ƙari, a lokacin da harawa ke tsada kamar magani. Wani mai sayarwa da bai san ni ba ya ɗaga dami ya girgiza a gabana, ya ce, "Dubi ganye, maigida! Wagga ba harawar Mushe ba ta." Ashe labarin ya riga ni isowa. Na saya ban ko yi ciniki ba.

Kyauta ta haihu a watan Afrilu, maraƙa mace, amma hantsar ba ta cika ba. In an tatsa maraƙar za ta rame, in an bar mata babu na kasuwa. Inna ta bar wa maraƙa. Ta jingine ƙwaryarta, ranar kasuwa ta zauna gida tana jin ƙawayenta na wucewa. Wata Asabar da rana ta kawo mini fura, na kurɓa na ji tsamiya ce aka dama da ita. Bakina da bai taɓa koyon darasi ba ya ce, "Inna, yau babu nono?"

Ta zauna da nata ludayin, ta sha, ta share baki. "Sha hakanan, Auta. Nima irinta nika sha tun wata biyu."

Har yau ba ta taɓa tayar mini da zancen ba. Da ta zage ni a gaban bedin nan, da tuni na warke.

Hausawa sun ce ƙaramin sani ƙuƙumi ne, ni na sa shi a wuya na yi yawo da shi bisa amalanke. Yanzu in wanda ya shekara arba'in yana wani aiki ya kasa faɗa mini dalilinsa, nakan ɗauka dalilin na nan, ni ne ban iso gare shi ba. Kuma in zan gwada sabon ilimi, da tukunyata nake farawa, ba da abincin uwata ba.