Ranar da allurar barci ta kwance mini harshe

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da sauran haƙorana sun bi 'yan'uwansu.

Shekara arba'in da biyar ban taɓa kiran sunan ɗana na fari ba. Haka muka taso: ba a faɗin sunan ɗan fari, balle a kai masa kuka. "Wancan" nake ce masa. To, Wancan injiniya ne a Doha, ya aiko in je in ga jikoki.

Ana gab da tafiya na hau turmi zan sauko da daddawar da na shanya masa a kan rufi. Turmi ya ce bai san zancen ba. Na zo ƙasa da ka. Maɗori ya ja, ya murɗa, ya shafa man shanu, na yafa mayafi na hau jirgi.

Wata uku ina gidansu a unguwar Mesaimeer, wuya a karkace kamar kaza tana kallon shaho. In an tambaya sai in ce matashin kan Larabawa ne ya cika laushi. Sai da yatsuna suka mutu, kofin shayi ya fara suɓuce mini, Rabi matarsa ta ce, "Hajiya, yalla, tashi mu tafi asibiti."

Likitan ɗan Zazzau ne. Ya duba hoton wuyan da aka ɗauka ya ce, "Mama, ƙashin wuya ya goce, yana danne laka. Yaushe kika faɗi?"

Wancan na tsaye. Na ce, "Kwanan nan."

"Mama, ƙashin nan ya ce ba kwanan nan ba. Da kin zo da wuri, da ƙila ja kawai za a yi. Yanzu ya kama a karkace, sai an buɗe ta gaba da ta baya an sa ƙarfe."

(Ta gaba! Ragon layya ya faɗo mini a rai, amma na dake.)

Aiki ya yi kyau, alhamdu lillahi. Abin da ya biyo baya kuwa, labari aka ba ni. Wai ina farkawa, magani bai sake ni ba, na kwarma ihu: "Sulaimanu! Sulena! Zo nan, ɗan nema, saboda daddawarka na faɗo daga turmi!" Wai na kama kunnensa ina masa waƙar rarrashin jarirai, a gaban matarsa, a gaban likita. Shi kuma ƙato da furfura ya durƙusa yana kuka.

Da safe Rabi ta shigo da kunu, tana cije leɓe. "Hajiya, wa zan kira miki? Wancan, ko kuwa..."

Na so in sunkuyar da kai. Ina! An ɗaure wuyan da wani abin roba, ba ƙasa, ba gefe. Haka na zauna ƙiƙam ina kallonta ido cikin ido, tana dariya har da hawaye.

'Ya'yana, ciwo dai a faɗe shi da wuri. In kuma kunya za ku ji, ku ji ta tun wuyanku yana iya sunkuyawa.