Tukunyar Shito a Kan Farin Dutse

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na ƙone kicin ɗin uwata da hannuna ba, a gaban mata sun fi ashirin, ina cikin farar shadda, kuma ina tsakiyar jawabi. Har yau in na biyo ta layinmu na Aboabo sai wata tsohuwa ta leƙo ta ce, "Injiniya, ya dutse?" Ni kuwa ba injiniya ba ne, wayar hannu nake sayarwa a Adum. Bari ku ji yadda na samo sunan.

Mma, mahaifiyata, tun tana amarya take zaune a ɗaki ɗaya a gidan gadonmu na Aboabo. Duk damina in aka yi ruwa mai ƙarfi sai kwata ta cika ta shigo musu tsakar gida, ita da ciwon gwiwarta tana ta kwalfe ruwa da roba. Abin yana ci mini rai ƙwarai. Da Allah ya hore mini na gina ɗan gidana a Buokrom, ɗakinta na fara gamawa kafin nawa. Na je na durƙusa na ce ta dawo wurinmu. Sai ta ce, "Babana (sunan mahaifinta gare ni, shi ya sa), ni ba na zama gidan da za a riƙa miƙo mini abinci kamar marar lafiya. In na ga inda zan dafa tuwona da hannuna, sai in yi tunani."

Shi ke nan, na ce abin nema ya samu. Kicin take so? Zan yi mata kicin ɗin da duk Zango, unguwanninmu na Hausawa, ba a taɓa ganin irinsa ba.

A nan ya kamata in faɗi gaskiya: ni ko shayi na dafa sai ya ƙone. Amma ina da waya, kuma wata biyu cur na yi ina kallon bidiyon kicin-kicin na ƙasashen waje, har na ji a jikina na zama masani. Na gane cewa yanzu masu ilimi sun bar mabul, wai yana shan mai yana tabo. Abin yayi shi ne kwats, wani dutsen haɗi mai kama da mabul sak, fari fat da ɗan jirwayen toka yana ratsa shi. Matata Adiza ta ce mu ɗauki Mma mu je tare ta zaɓa, tun da dominta ake yi. Na ce a'a, ba-zata nake so in yi mata. Ta ce to ita ta raka ni. Na ce harkar dutse ba harkar zane ba ce. (Allah ya yafe mini wannan maganar, don Adiza ba ta yafe ba.)

Na tafi Bantama ni kaɗai wurin wani mai yanka dutse, Masta Kwaku, dattijon Asante mai jin Hausa kamar jakin Kano. Ya jera mini gutattsari a kan tebur, akwai baƙi, akwai ruwan toka, akwai mai ɗige-ɗige kamar ƙwan zabo. Ban ko dube su ba, na ɗora yatsa a kan farin.

"Alhaji, wa zai dafa abinci a kansa?" in ji shi.

Na ce tsohuwata.

"Ei! Tsohuwar Zango? Mai manja, mai gawayi? Ɗauki mai duhun nan mana, yana da haƙuri."

Na yi murmushin wanda ya san abin da yake yi. Na karanta masa duk abin da na haddace a waya, cewa kwats ba ya shan ruwa, ba ya shan mai, wuƙa ba ta yi masa komai. Ya ce duk gaskiya ne, amma garin dutse ne aka kwaɓa da wani irin danƙo, kuma danƙon ba ya shiri da zafi, kada a kuskura a sauke tukunya daga wuta a ɗora masa kai tsaye. Na ji shi sarai. Sai dai a raina na ce, mutumin nan so yake ya tura mini baƙin da ya yi masa kwantai. Ina ruwan dutse da wuta? Mu da muka tashi muna ganin duwatsun murhu suna kwana cikin garwashi? Ranar da ya zo da yaransa girka kantar kicin ɗin ya sake faɗa, har ya ba ni kyautar wani katako mai kauri na ɗora tukunya. Na karɓa na yi godiya, da yamma na sa shi na tokare ƙofar gareji da iska take yawan bugawa.

Kai, amma fa kicin ya yi kyau! In rana ta shigo ta taga sai ka ga fuskarka a kan kantar. Ni da ba na shiga kicin, sai ga ni safe da yamma ina gogewa da hankici. Na ɗauki hoto na sa a waya, abokaina na Adum suna ta cewa cale (wato aboki), ka gama da kowa.

Aka sa ranar addu'ar shiga gida, wata Asabar. Malamai suka yi karatu da safe suka watse, mata suka cika bayan gida da girki. Kun dai san girkin taronmu, ba a kan gas ake yi ba. An kafa duwatsu an ɗora babbar tukunyar waakye, shinkafa da wakenmu, da karan dawa a ciki yana ba ta ja, ga miyar ayoyo, ga kurfoti guda, murhun gawayi na ƙarfe, an ɗora shito, baƙin yajin nan namu, yana ta tafasa cikin mai tun hantsi. Mai jan ragamar girkin ita ce Hajiya Azumi, aminiyar Mma, wadda ta shekara talatin tana sayar da waakye a bakin titin Aboabo. Bakinta kuwa ya fi shiton nata yaji.

Bayan azahar na ga lokaci ya yi. Na kama hannun Mma na ce ta zo ta ga kicin ɗinta, mata suka biyo mu ɗuu. Na buɗe ƙofa. Aka ɗauki guɗa, wasu na masha Allah, wasu sun ɗaga waya. Mma kuwa ta tsaya a bakin ƙofa, ta cire takalmi kamar za ta shiga masallaci, ta shigo a hankali hannuwanta biyu a baya. Ta zaga ta dubi ko'ina ba ta taɓa komai ba. Ni a wautata na ɗauka daɗi ne ya hana ta magana.

Hajiya Azumi ce ta fasa shirun. Ta buga kantar da bayan hannu ta ce, "Ɗan nan, to a ina ake zama a tuƙa tuwo?"

Ban taɓa tunanin wannan ba, wallahi. Shekara arba'in ina ganin Mma a kan 'yar kujerarta, ta saƙala ƙarafuna biyu a kunnuwan tukunya ta take su da ƙafa, tana juya muciya da hannu biyu. Kantata kuwa ta kai mata kusan ƙirji. Amma namiji ba ya faɗuwa a gaban taro, sai na ce yanzu zamani ya canja, a tsaye ake komai.

"A tsaye? To madalla. Wannan farin abin naka kuma, ai ko kallonsa manja ya yi sai ya ɓaci."

Nan fa ta taɓo inda nake da ƙarfi. Na sa aka kawo manja na zuba a kai da hannuna, na bari ya ɗan jima, na goge da tsumma. Fes! Mata suka yi tafi. Na ɗauki wuƙa na karta, ko alama. Aka sake tafi. Kaina ya kumbura, na ji kamar ni na ƙera dutsen. Da a nan na tsaya, da yau ina da mutunci a Aboabo.

"Zafi fa?" in ji Hajiya Azumi. "Mu tukunyarmu daga wuta sai ƙasa."

Adiza ta matso ta taka mini ƙafa. Ta ce a hankali, "Baban Fati, katakon nan fa." Na kalle ta irin kallon kada-ki-ba-ni-kunya. Na naɗe hannun shadda na fita bayan gida, na sa tsumma na sunkuto tukunyar shito daga kan kurfoti, gindinta na ta hayaƙi, na zo na dangwara ta a tsakiyar kantar. Na ce, "Hajiya, dutse ne. Dutse ba ya tsoron wuta."

Kuma ban ɗauke ba. Na jingina da gwiwar hannu a gefenta na shiga jawabi. Na yi bayanin bambancin kwats da mabul, na faɗi yadda Turawa suke yi, na ce matsalarmu mu 'yan Zango ba ma bincike kafin mu sayi abu. (Wannan jimlar tana cikin bidiyon. An turo mini ita ta fi sau goma.) Ina cikin magana na ji wani wari-wari kamar an jefa silifa a wuta. Na yi kamar ban ji ba. Wata daga baya ta ce, "Wai ba ku jin ƙauri?"

Hajiya Azumi ta karɓi tsumman ta ɗaga tukunyar da kanta. Ga zobe nan zagaye, baƙi ƙirin, a tsakiyar farin dutsena.

Na ce ai baƙin gindin tukunya ne, yanzu zai fita. Na sa sabulu da soso na dirza. Baƙin ya fita kuwa, sai dai a ƙarƙashinsa akwai wani zoben ruwan ƙasa, kalar gasasshen burodi, kuma wannan a cikin dutsen yake. Na dirza har gumi ya jiƙa mini shadda. Aka ce a gwada toka, aka gwada. Aka ce lemun tsami, aka gwada. Zobe dai yana nan yana kallona.

To da na yi shiru a nan ma, da da sauƙi. Amma sai zuciya ta ɗebe ni, na ce an cuce ni ne, jabu aka sayar mini, kuma yanzu kowa zai ji. Na kira Masta Kwaku, na buɗe muryar wayar don duk ɗakin su zama shaida. Na faɗa masa abin da ya faru da kakkausar murya.

"Ei, Alhaji!" Muryarsa ta cika kicin. "Ban faɗa maka ba? A shago na faɗa, a gidanka na faɗa. Har katako na ba ka kyauta. Ina katakon?"

Sai Adiza, matar da na aura da sadakina, ta ce a sanyaye, "Yana tokare da ƙofar gareji."

Dariyar da aka yi, ina jin har Asawase an ji ta. Hajiya Azumi ta zauna a ƙasa tana riƙe ciki tana cewa, "Sannu Injiniya! Sannu da bincike!" Ni kuwa na so ƙasa ta tsage in shige. Amma ba dariyar ce ta fi damuna ba. Na duba ban ga Mma ba, ta fita. Na ce shi ke nan, na ɓata kicin ɗin a gaban ƙawayenta, na kunyata ta, damina mai zuwa ma a cikin ruwan Aboabo za ta yi ta.

Bayan la'asar da mutane suka ragu na lallaɓa na koma kicin don in sake gwada dirzawa. Sai na tarar da ita a tsaye ita kaɗai, ta ɗora tafin hannu a kan zoben tana shafawa. Karo na farko ke nan da ta taɓa kantar.

Na ce, "Mma, ki yi haƙuri. Zan sa a cire a kawo wani."

"Kul," ta ce. "Babana, ɗazu da na shigo na riga na yanke ba zan zo gidan nan ba. Na ga wuri fari fat kamar asibiti. Na ce ni da hannuna na gawayi, in na ɓata wa yaron nan abin da ya sha wahala a kai, da wane ido zan dube shi? Gara ruwan Aboabo." Ta ɗan buga zoben da yatsa. "Amma tun da mai gidan da kansa ya buɗe hanya, ai ya zama kicin. Gobe ka aika a ɗauko mini kujerata da ƙarafuna da kurfoti."

Ban san sanda hawaye ya zubo mini ba, ƙato da ni, da soso a hannu.

Yau Mma damina biyu ke nan a Buokrom. A barandar bayan kicin take tuƙa tuwonta, a zaune, ƙafa a kan ƙarfe kamar yadda ta saba. Kantar kwats kuwa kwanuka ake jerawa a kai, katakon Masta Kwaku ya baro gareji ya kama aikinsa. Zoben yana nan, duk baƙuwar da ta zo sai Mma ta ja ta ta nuna mata, ta ce ga tambarin Injiniya.

Abin da na koya? In za ka yi wa mutum kicin, ka fara tambayar mai riƙe muciya. In kuma ka riga ka tafka taka, to don Allah kada ka buɗe muryar waya.