Yadda Za Ka Zama Yaron Kirki Bayan Ka Haura Hamsin

Kai da ka fitini unguwa kana ƙarami, yanzu kuma kake so ɗanka ya ɗauka waliyyi ne ya haife shi, matso kusa. Bi matakan nan, na yi maka alkawari cikin mako guda yaron zai fara jin kunyar kansa. Abokina Maccido na Runjin Sambo ya gwada a kan ɗansa Mu'az, shekara biyu asirinsa a rufe.

1. Fara da tsaki
Da ka ga yaro yana latsa waya, ja tsaki mai tsawo, ka ce, "Mu lokacinmu..." Kada ka yi saurin ƙarasawa. Girgiza kai tukuna.

2. Wanke tarihinka tas
Kai ba ka taɓa tsere wa makarantar allo ka tafi wanka gulbi ba. Mangwaron mutane kuwa, ko a gabanka ya faɗo, kau da kai kake yi. Daina rina gemu, an fi yarda da ƙaryar mai furfura.

3. Nemo wa kowane tabo dalili
Maccido yana da tabo a goshi. Ya ce wa Mu'az yawan sujada ne ya yi masa shi tun yana ɗan shekara tara. A saman girar hagu tabon yake, amma wane ɗa ne zai auna goshin ubansa?

4. Kulle shi, sannan ka zage shi
Hana shi fita, duniya ta lalace. In ya zauna, kira shi rago, ai ku a shekarunsa ba lungun da ba ku sani ba a birnin nan. Wannan ya ci karo da mataki na biyu, amma ɗaga murya zai gyara.

5. Raba shi da kakarsa
Nan Maccido ya yi sake. Wata Juma'a ya kai yaron gaida kakarsa Inna Delu, mahaifiyar shi Maccidon, a Ƙofar Taramniya, ya hau faɗan da ya saba, har da nuna goshi. Tsohuwa ta ajiye carbi.

"Maccido, mi kac ce? Sujada?" Ta juya ga jikanta. "Maigidana, motar dutsi ta Kalambaina ubanka yal laƙe ma baya, ta yad da shi. Kwana ukku shina kuka awa ɗan akuya."

Tun ranar, da uban ya ce "mu lokacinmu", sai yaron ya ɗaga ido ya dubi girar hagu, Maccido kuma ya jawo hula ƙasa.

A kula
Ba ruwana da abin da zai same ka in tsohuwarka tana raye kuma bakinta lafiya lau. Sannan duk wanda ya ce maka ni na ɗaga Maccido ya kama motar nan, sharri ne. Ni lokacin ina makarantar allo.