Igiyar Bashmuhandis a Jirgin Mutuwa

"Ni fa ƙarfe, kallo ɗaya nake masa in gaya maka ranar da zai karye!"

Ɗanmalam ke nan, abokin zamana a unguwar Hayyin Ashir. Nahawu ya zo karantawa Alƙahira, amma tun ranar da wani direban bas ya ce masa "bashmuhandis", wato babban injiniya, muka shiga uku. Mutumin da ko ƙwan fitila ne ya mutu sai ya ƙwala mini kira!

To, gogan naka ya ga Malaz, 'yar Hausawan Sudan, ya susuce. Yayanta Tarig ne mai bayar da aurenta, Ɗanmalam kuwa ya riga ya shirga masa cewa shi injiniya ne. Tarig ya ce mu fita malahi, wurin wasanni, ya ƙare masa kallo kafin ya ba da amsa.

A can akwai wani tsohon jirgi da Misrawa ke kira jirgin mutuwa, mai lulawa sama ya kifa mutum kai a ƙasa har sau biyu. Abin da ke riƙe ka wani ƙarfe ne da ake sauko maka da shi a kafaɗa, sosonsa duk ya zaizaye. Muna layi gardama ta kaure: a canja shi ko a bar shi?

Tarig ya ce, "Shekara talatin yana riƙe mutane, kullum ana duba shi. Kunne kawai yake bugu."

Ɗanmalam ya ce, "Haba Yaya Tarig! Masu hankali tuni sun koma bel mai rungume mutum kamar falmaran. Dole a canja! Amma kafin su waye, ni na zo da gyarana."

Ya ɗan ɗaga jallabiya. Jama'a, igiyar kwandonmu ce, wadda muke zurawa daga hawa na biyar mai burodi ya saka mana! Kwana biyu muna sauka da ƙafa muna tsine wa ɓarawo, har da shi a masu cewa amin.

Layi ya zo kansa, ya haye kujerar gaba. Kafin ma'aikaci ya iso ya naɗe cikinsa a jikin kujera da igiyar, ya yi irin ƙullin da ɗalibai ke wa jaka in za su Kano, wanda ba ya kwantuwa sai da wuƙa. Ya ɗaga wa Malaz hannu, ya runtse ido.

Ma'aikacin, wani ƙaton Bamisre mai suna Osama, ya zo duba ƙarfe, ya yi ido biyu da igiya. Ya dafe kai, ya danna ƙararrawar kiran makanikai. Ɗanmalam na jin ƙararrawa ya ɗauka an tashi.

Makanikai biyu suka kama ƙullin, wannan ya ja nan, wancan ya ja can, kujera na girgiza. Ga ƙatuwar fankar rumfa tana hura masa iska a fuska. Sai muka ji ihu.

"Innalillahi! Mun kife! Wayyo Inna!"

"Ya bashmuhandis, buɗe ido!" in ji Osama.

Ina! Ai ya yi nisa.

"Ya Allah na tuba! Ni ba injiniya ba ne! Nahawun ma sau biyu ina faɗuwa! Harun, ka yafe mini, ni na sace igiyar!"

Ni ne Harun ɗin, amma dariya ta hana ni yafewa. Ina durƙushe riƙe da ciki, Malaz ta cusa fuska a mayafi kafaɗunta na rawa, mutanen layi kuwa kowa ya ɗaga waya.

Da ƙyar aka samo wuƙa aka yanke igiyar, har da rabin jallabiya. Girgiza ta tsaya. Ɗanmalam ya buɗe ido, ya share gumi, ya sauko yana tangaɗi, ya bugi ƙirji.

"Kun gani? Sau biyu muka kife, ko gezau ban yi ba. Aikin injiniya ke nan!"

Tarig ya dafa shi a hankali, ya nuna masa jirgin, yana nan daram inda yake, fasinjoji na harararsa.

"Ma'alish, yi haƙuri ɗan'uwa, khalas, shi ke nan, a bar maganar Malaz. Jirgi na tsaye ka kira Inna. In na ba ka ƙanwata, ranar da za ta haihu wa zai riƙe wani?"