Rasuwar Ta-Bango, Hitar Gidan Mai Faci

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kunne ɗaya da har yau bai daina kuwwa ba, mai facin tayar da ke bakin babban titi yana sanar da 'yan'uwa, maƙwabta da abokan sana'a rasuwar hitar ruwan gidansa, wadda yara suka fi sani da Ta-Bango. Ta rasu ranar Talata da hantsi, bayan shekara goma sha huɗu tana maƙale a bangon banɗaki. Ba ta tafi ita kaɗai ba, ta haɗa da rabin silin, da ƙofa, da madubi.

Mai faci ya kawo ta gidan ne saboda mahaifiyarsa, shekarar da sanyin ƙashi ya kama mata gwiwoyi. Tun daga lokacin, kullum da hantsi Inna takan zauna kan 'yar kujerarta ta katako, daidai ƙarƙashin marigayiyar, tana gasa ƙafafu da ruwan zafi. Ta-Bango ba ta taɓa yi mata rowa ba. Mai haƙuri ce, ba ta da surutu, iyakarta ɗan "tsss" idan ruwa ya yi.

Jinyarta ta ɗauki shekara uku, kuma wallahi ba ta ɓoye wa kowa ciwonta ba. Da farko ruwanta ya koma ja, yana warin tsatsa. Sai cikinta ya fara kuka, "ƙur-ƙur-ƙur, ɗas! ɗas!", har a falo ana ji. Daga nan gindinta ya soma tsattsafo, zafinta ya ragu ya koma ɗumi-ɗumi. Mai gyaran famfo ya zo ya ƙwanƙwasa ta, ya ce datti ya daskare a cikinta, tsatsa ta cinye ta, irinta idan ta haura shekara goma sai a sallame ta da mutunci. Mai faci ya raka shi har ƙofa yana dariya. Mutumin da ya mayar da taya mai faci tara kan titi, shi za a ce wa abu ya ƙare?

Shi ya karɓi jinyar da kansa, kuma maganinsa sifana ne. Ta yi gurnani, ya maka mata. Ta ƙi zafi, ya ƙara mata biyu a haƙarƙari. Da abin da ke kashe ta idan ruwa ya yi zafi ya dame shi, ya fizge shi ya haɗa wayar kai tsaye. Sai ɗan bakin ƙarfen da ke gefenta ya fara ɗiga yana huci. Ta nan ne hita ke fitar da tururi idan ya yi mata yawa, don kada ta fashe. Amma a wurin mai faci, duk abin da ya ce "fsss" huda ce. Ya shafa ruwan sabulu, ya ga kumfa, ya ɗaure bakin da noti, ya naɗe da robar tsohon tub, tamau. Ranar har matarsa ya kira ta zo ta ga aiki.

Kwana biyu marigayiya ta yi da baki a toshe. Ranar Talata Inna ta zauna a kujerarta, ta laluba ba tawul. Ta kira surukarta, ba a ji ba. Ta miƙe tana mita, ta dogara sandarta ta fita. Taku huɗu ta yi.

"BUM!"

Wannan ce maganar Ta-Bango ta ƙarshe. Gindinta ya tsage, ta tsinke ƙusoshinta ta huda silin, ƙofa ta tashi ta daki bangon gaba. Mai faci na tsakar gida yana ba babur iska. Ya shigo a guje cikin tururi, tafasasshen ruwa na cin tafin ƙafarsa. Ya ga kujerar ta rabe biyu, silifas ɗaya na yawo a ruwa. Hankalinsa ya tashi. Ya durƙusa yana tone ɓaraguzan da hannu, fatar yatsunsa na saɓulewa, yana kiran Inna da muryar da rabonsa da ita tun yana ɗan yaye. Sai sanda ta sauka a gadon bayansa, ta sake sauka, ta kuma. Inna ce tsaye, ƙafa ɗaya ba takalmi, tawul a kafaɗa. Bai kare ko ɗaya ba. Tunda yake bai taɓa jin daɗin duka irin na ranar ba, yana kuka yana miƙa mata bayan.

Marigayiya ta bar shawa mai karyayyen wuya, da bokiti biyu, da babbar tukunya wadda ɗawainiyar ruwan Inna ta koma kanta.

Za a ɗauki gawar ranar Asabar da safe a kurar mai gwangwan. Ana karɓar gaisuwa a rumfar faci, kuma ana roƙon masu zuwa kada su tuna masa maganar mai gyaran famfo, matarsa na yi sau uku a rana. Mai gyaran famfon ne zai ɗaura sabuwa, Inna ta ƙwace sifana ta sa ƙarƙashin katifarta. Kujerar kuwa ba za ta bi gawar ba. Inna ta sa an rataye ɓari biyun a rumfarsa, daidai inda yake zama, kuma ta hana shi ya face ta.