Masarar Kawu

Duk farkon kaka ni da matata Rabi mukan fita cin sabuwar masara. Bara na ɗauko ta a babur daga Gwarzo, sai gonar kawuna a Dugabau.

"Ka tabbata nan ce?" in ji ta.

"Haba, Rabi! A gonar nan na yi wayo."

Na karya goyo shida, na hura wuta, har ina koya mata gashi. Muna cikin ci sai ga wani dattijo da fartanya.

"Sannunku da aiki. Ta yi zaƙi kuwa? Ta kawunka tana gaban tsamiyar can."

Rabi ta rufe fuska da mayafi, kafaɗunta na rawa. Dattijon ma ƙaro mana ya yi.

Har yau in na kai tsaraba gidan surukai, sai ƙannenta su ce, "Yaya, mai wannan ya san an ɗauko?"